Wata 22 a Ciki: Yadda Giwa Ke Haihuwa da Abin da Ya Sa Garkenta Ba Ya Farfaɗowa da Wuri

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san lissafin ciki. Akuya da tunkiya wata 5, saniya wata 9, goɗiya wata 11, jaka shekara guda, taguwa kuwa sai ta kai wata 13. A dawa ma akwai masu daɗewa: raƙumin dawa wata 15, karkanda wata 15 zuwa 16. Dorina, duk da wannan tulin jiki nata, wata 8 kacal take yi. Giwa ita ce ta kere su duka. Wata 22 take ɗauke da ciki, wato saura kaɗan ta cika shekara biyu, kuma a cikin duk dabbobin da ke shayarwa babu mai daɗewa kamarta.

Mutane da yawa sun san wannan adadi, sai dai ana faɗinsa ne kamar abin ban mamaki kawai a wuce. A ganina wata 22 ɗin ba shi ne babban labari ba. Ƙofa ce kawai. Idan aka shiga ciki za a tarar cewa rayuwar giwa gaba ɗaya a kan jinkiri aka gina ta, kuma a wannan gida tsofaffi ne ke riƙe da haihuwa, maza da mata. Wanda ya fahimci haka zai gane abin da ya sa harbin giwa ɗaya mai manyan haure ya fi ƙarfin a ce "an rasa giwa ɗaya".

Da farko a san cewa giwa ba iri ɗaya ba ce. Iri uku ne a duniya yau. Akwai giwar filin Afirka, wadda ta fi kowace dabbar tudu girma. Toronta kan kai kilo 6,000, macen kuma kamar rabin haka. Akwai giwar kurmin Afirka, mai ƙaramin jiki da miƙaƙƙen haure, wadda ke zaune a dazuzzukan Gabon da Kongo da Kamaru da maƙwabtansu. Sai giwar Asiya mai ƙananan kunnuwa, ta ƙasashen Indiya da Siri Lanka da Tailan da Myanmar, wadda a cikinsu maza ne kawai ke fitar da manyan haure. An daɗe ana ɗaukar na Afirka biyun a matsayin abu guda, sai a shekarar 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta raba musu lissafi, ta ce giwar kurmi ta ragu da fiye da kashi 86 cikin ɗari a shekara 31, ta fili kuma da aƙalla kashi 60 cikin ɗari a shekara 50.

Ga wani abin da zai ba Bahaushe dariya: 'yan uwan giwa mafi kusa a cikin dabbobin da ke raye su ne ayu, wanda masunta ke gani a kogin Binuwai da Neja, da kuma rema, ɗan ƙaramin nan mai zama a kan duwatsu. A ido babu abin da ya haɗa su. Amma a tsarin jiki akwai alamun gida ɗaya, kuma biyu daga cikinsu sun shafi maganarmu kai tsaye. Na farko, 'ya'yan marainan toron giwa ba sa saukowa waje kamar na sa ko rago, suna can cikin ciki kusa da ƙoda, haka na ayu da rema. Shi ya sa dandaƙar giwa ba wasa ba ce, sai an yi tiyata mai zurfi. Na biyu, nonon giwa ba a tsakanin ƙafafun baya yake kamar hantsar saniya ba. Guda biyu ne a ƙirji, tsakanin ƙafafun gaba, kusan inda na mutum yake. Na ayu ma a hammata suke.

To, mu fara da macen.

Giwar fili kan balaga tana da shekara 10 zuwa 12. A gandun dajin Amboseli da ke kudancin Kenya, inda wata mai bincike, Cynthia Moss, ta fara bin giwaye ɗaya bayan ɗaya tun 1972, tana ba kowace suna tana rubuta haihuwa da mutuwarsu, an gano cewa yawanci mace kan haifi ɗan fari ne tana wajen shekara 14. Aikin na Amboseli har yau bai tsaya ba, kuma mafi yawan abin da duniya ta sani game da zaman iyalin giwa daga can ya fito.

Zagayen sakin ƙwai na giwa yana ɗaukar mako 15 zuwa 16, kusan wata huɗu, alhali na saniya mako uku ne. A cikin waɗannan watanni, 'yan kwanaki ne kawai, da wuya su wuce biyar ko shida, take karɓar namiji. Wannan ma idan ba ta da ciki kuma ba ta cikin tsananin shayarwa ke nan. A daji kuwa lafiyayyar giwa kusan kullum ko tana da ciki ko tana goyo. Ke nan idan aka haɗa lissafi, a cikin shekara huɗu ko biyar, kwanakin da za a iya yi mata barbara ta ɗauka ba su cika mako guda ba. Sannan toron da ya dace ba ya tare da ita, domin maza ba sa zama a garken mata. Yana iya kasancewa a nisan tafiyar yini.

Yaya ake haɗuwa ke nan? A nan ne halittar giwa ta zo da dabaru masu ban sha'awa.

Masu bincike da ke auna jinin giwayen gidajen zu sun lura cewa sinadarin da ke sa a saki ƙwai yana tashi sau biyu a jikin giwa, ba sau ɗaya kamar sauran dabbobi ba. Tashin farko ba ya sakin ƙwan da za a yi ciki da shi. Sai bayan kimanin mako uku na biyun ya zo, shi ne na gaske. A tsakanin nan ƙamshin fitsarinta yana sauyawa, kamar dai sanarwa ce ake aikawa tun kafin ranar biki. Likitocin dabbobi sun ci moriyar wannan sosai: da zarar sun ga tashin farko sai su ƙirga kwana 20 ko 21 su san ranar da za su yi dashen maniyyi. Ta wannan hanya aka samu ɗan giwa na farko da aka haifa ba tare da barbara ba, a wani gidan zu a jihar Mizuri ta Amurka, a 1999.

Toro kuwa da hanci yake karanta saƙon. Yakan dangwala bakin hancinsa a fitsarin mace, ya kai shi can saman ganɗarsa, inda akwai wasu 'yan ramuka biyu masu kai ƙamshi ga wata gaɓa ta musamman. Daga nan yake gane ko ta kusa ko da saura. Wata masaniya Ba'amurkiya, Bets Rasmussen, ta shafe shekaru tana tace fitsarin giwayen Asiya har ta ware sinadarin da ke jan namijin a 1996. Abin mamaki, sai ga shi sinadari ɗaya ne da wanda ire-iren malam-buɗe-littafin dare masu yawa ke amfani da shi wajen kiran mazansu.

Bayan ƙamshi akwai murya. A 1984 Katy Payne, wadda ta daɗe tana nazarin sautin dabbobin teku, tana tsaye kusa da giwaye a gidan zu na birnin Portland a Amurka sai ta ji iska tana wata irin rawa a jikinta, amma kunnenta bai ji komai ba. Da aka ɗauki sautin da na'ura sai aka gano giwaye suna magana da wani gurnani mai zurfin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa, kuma yana tafiyar kilomita da dama. Macen da aka yi wa barbara takan yi irin wannan kira a jere, dangi kuma su taru a kanta da ihu da kaɗa kunnuwa da fitsari. Duk toron da ke yankin zai ji. Wasu masana na ganin amfanin hayaniyar ke nan: idan wanda ya fara zuwa ƙaramin alhaki ne, to babban ya ji ya taho tun lokaci bai ƙure ba.

Yanzu ga namijin, wanda labarinsa ya fi ɗaure kai.

Ɗan giwa namiji yana barin garken uwarsa yana da shekara 12 zuwa 15. A wannan lokacin jikinsa ya fara yin maniyyi, wato a ƙa'ida zai iya haihuwa. Amma iyawa daban, samu daban. Toron giwa ba ya daina girma kusan har tsufansa, saboda haka ɗan shekara 20 bai fi rabin nauyin ɗan shekara 45 ba. Matan ma gudunsa suke yi. Sai ya shafe shekara goma sha wani abu yana bin manya a baya, yana koyon hanyoyin ruwa, yana gwada ƙarfi da tsaransa.

Wajen shekara 25 zuwa 30 sai wani yanayi ya fara zuwar masa, wanda masu kiwon giwa a Indiya suka daɗe da sani suna kiransa "mast", kalmar da asalinta Farisanci ne mai nufin maye. Duk wanda ya ga amale a lokacin sanyi yana kumfar baki yana gurnani, mai shi ma yana kaffa-kaffa da shi, ya ga ƙanin wannan abu. Sinadarin namiji, testosteron, yana ninkuwa sau da yawa a jinin toro. Wani ruwa mai kauri da wari yana tsiyaya daga wasu 'yan kafofi da ke tsakanin ido da kunne. Fitsari yana ɗiga ba tsayawa har cinyoyinsa su jiƙe. Yana rage cin abinci, yana yawo mai nisa, kai a sama, yana neman mata yana neman faɗa. Na daɗe ina mamakin cewa har zuwa ƙarshen shekarun 1970 masana suna cewa giwar Afirka ba ta yin wannan maye, ta Asiya ce kawai. Dalilin ruɗanin shi ne a Afirka mata da yara ma ruwan gefen idon nan yana zubo musu idan hankalinsu ya tashi. Joyce Poole ce, tana matashiya a Amboseli, ta lura da manyan torayen da ke ɗigar fitsari, har ta fara zaton wata cuta ce ta kama su. Ita da Cynthia Moss suka wallafa bayanin a 1981.

Mayen matashi ba ya wuce 'yan kwanaki ko mako. Na babban toro yakan kai wata biyu ko uku, kuma kusan lokaci ɗaya yake zuwar masa kowace shekara. Toron da ke cikin maye yana rinjayar duk wanda ba ya ciki, ko da wancan ya fi shi jiki. Manyan kuma su ke kama lokaci mai kyau, bayan damina, sa'ad da mata suka ƙoshi suka fi shiga neman namiji. Da aka yi gwajin ƙwayoyin gado a Amboseli don gano uban kowane ɗa, sai aka tarar mafi yawan 'ya'yan na torayen da ke cikin maye ne, kuma ganiyar haihuwar toro tana tsakanin shekara 45 zuwa 50 da ɗoriya. A duniyar dabbobi wannan baƙon abu ne. Zaki mai shekara 12 ya gama yayi. Toron giwa mai shekara 40 yanzu ya fara.

Manyan torayen nan suna da wani aiki bayan haihuwa, kuma an gano shi ne ta hanya mai tsada. A Afirka ta Kudu, daga 1967 zuwa 1994, hukumar gandun dajin Kruger tana rage yawan giwaye ta hanyar harbe garke guda, a bar ƙananan a kai su wasu wurare. Wasu daga cikin marayun nan aka kai gandun Pilanesberg a shekarun 1980, inda babu babban toro ko ɗaya. Da suka tasa sai maye ya zo musu tun kafin su kai shekara 20, kuma ya riƙa daɗewa. Suka faɗa wa karkanda. Tsakanin 1992 da 1997 an rasa farar karkanda fiye da 40. A 1998 aka ɗauko manyan toraye shida daga Kruger aka sake su a wurin. Mayen samarin ya lafa, kisan karkanda ya tsaya. Ba wai manyan sun yi ta dukansu ba ne. Kasancewarsu kawai ta isa ta danne mayen a jikin na ƙasa da su. Ana yawan ɗauko wannan labari a yi wa'azin tarbiyyar matasa da shi, ni dai zan bar shi a kan giwaye, domin a can ne aka auna shi.

Barbarar kanta gajera ce, ba ta fi minti ɗaya ko biyu ba, bayan ɗan guje-guje. Toron yakan tsare macen kwana biyu ko uku yana korar sauran maza, daga nan ya kama gabansa. Ba ruwansa da goyo.

Me ake yi a ciki har wata 22? Girman jiki yana daga ciki, domin ɗan giwar fili yana faɗowa da nauyin kilo 100 zuwa 120, tsayinsa kusan mita guda. Amma babban aikin na ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyi. Ƙwaƙwalwar babbar giwa tana kai kilo 5, ta fi ta kowace dabbar tudu. Jaririn kuma ba shi da rami ko sheƙar da za a ɓoye shi. Dole ya miƙe cikin awa ɗaya ko biyu, ya kai bakinsa ga nono, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya bi garke, domin uwar da ke bukatar abinci har kilo 150 a rana da ruwa mai yawa ba za ta zauna wuri ɗaya ba. Ɗan Adam ana haifarsa bai ƙarasa ba a ƙarasa shi a goyo. Giwa ta fi son ta yi mafi yawan aikin tun a ciki.

Haihuwa a tsaye ake yi, sau da yawa da dare, sauran matan garke kuma su kewaye uwar. Ɗa ɗaya ake haifa. Tagwaye ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba, kuma da wuya dukansu su rayu saboda nono ba ya isa. A 1990 wata shahararriyar uwar garke a Amboseli da masu bincike suka sa wa suna Echo ta haifi ɗa namiji wanda gaɓoɓin ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe, bai iya miƙewa, sai jan gwiwa. Garken bai tafi ya bar shi ba. Uwar da yayarsa suka riƙa tafiya a hankali suna jiransa cikin rana. A kwana na uku ƙafafun suka miƙe. An sa masa suna Ely, kuma ya girma ya zama toro.

Jaririn giwa da baki yake shan nono, ba da hanci ba. Hancin ma a watannin farko kaya ne a gare shi: yana lilo, yana taka shi, wani lokaci ya tsotse shi kamar yadda yaro ke tsotsar yatsa. Wannan gaɓa ba ta da ƙashi ko ɗaya, tsoka ce zalla mai dubun dubatan zaruruwa, kuma sai an yi watanni ana koyo kafin a iya zuƙar ruwa da ita a zuba a baki. Yakan kuma ci kashin uwarsa da na manya, ba don ƙazanta ba, ta haka yake samun ƙwayoyin da za su zauna a hanjinsa su taimaka masa narkar da ciyawa. Shekara biyu na farko ba ya rayuwa ba nono. Bayan haka ma yakan ci gaba da sha har sai an kusa haifar ƙaninsa. Nonon giwa kuma ba a maye gurbinsa da na saniya, domin kitsen na saniya yana ɓata wa jaririn ciki har ya mutu. Daphne Sheldrick a Kenya ta yi shekara da shekaru tana rasa marayun giwaye kafin ta dace da haɗin madara mai man kwakwa wanda suke iya sha su rayu.

Idan aka haɗa ciki da shayarwa, tazarar haihuwa ta zama shekara 4 zuwa 5. Idan fari ya yi tsanani matan sukan daina sakin ƙwai gaba ɗaya, sai ruwa ya dawo a ga haihuwa ta zo a tare bayan shekara biyu. Giwa tana ci gaba da haihuwa har cikin shekarunta na 50, wasu har 60, amma ko wadda ta yi tsawon rai da wuya 'ya'yanta su wuce goma ko sha biyu. Abin da ke yanke mata rai a ƙarshe haƙori ne. Turamenta jeri shida suke fitowa a rayuwa, sabo yana turo tsoho daga baya zuwa gaba, kuma idan na shida ya cinye, wajen shekara 60 zuwa sama, tauna ta gagara, yunwa ta ƙarasa aikin. Ciwon daji kuwa bai cika kashe ta ba duk da yawan ƙwayoyin jikinta, kuma a 2015 aka gano tana da kwafi 20 na wata ƙwayar gado mai suna TP53 wadda ke hallaka ƙwayoyin da suka lalace, alhali mutum kwafi ɗaya gare shi.

Goyon ɗan giwa ba na uwa kaɗai ba ne. Garke iyali ne na mata: kaka, 'ya'yanta mata, jikoki. 'Yan matan da ba su fara haihuwa ba su ne 'yan raino, su ke tsayawa kan jariri idan yana barci, su ke janyo shi idan ya maƙale a taɓo, kuma da haka suke koyon abin da za su yi wa nasu. A kan kowa akwai uwar garke, wadda yawanci ita ce mafi tsufa. Tsufan nata dukiya ce da ake iya aunawa. Karen McComb ta riƙa kunna wa garkuna muryoyin wasu giwaye a Amboseli, ta gano cewa garken da tsohuwa ke jagoranta ya fi iya bambance baƙo da na gida, kuma matansa sun fi yawan haihuwa. A farin 1993 a gandun Tarangire na Tanzaniya, garkunan da ke da tsofaffin iyaye sun fita daga gandun sun nemi ruwa da abinci a wani wuri, wanda matashiya ke ja kuwa ya tsaya, kuma shi ya fi asarar 'ya'ya. Tsofaffin sun isa su tuna babban farin da aka yi a yankin shekara 30 da wani abu kafin nan. A Myanmar ma, inda ake da rajistar giwayen da ke aikin jan katako, an ga cewa ɗan matashiyar uwa ya fi rayuwa nesa ba kusa ba idan kakarsa tana wurin.

Yanzu a ɗora maganar haure a kan duk wannan. Haure haƙorin gaba ne na sama, kuma yana girma muddin rai. Wa ke da mafi girma? Babban toro, sai uwar garke. Wato mai farautar haure, ba tare da ya nufa ba, yana zaɓen daidai waɗanda haihuwa da tarbiyya suka rataya a wuyansu. Idan ya harbe uwa mai goyo, jaririn da bai kai shekara biyu ba ya bi ta, sau da yawa kuma akwai wani a ciki. Garken giwa a yanayi mafi kyau ba ya ƙaruwa da fiye da kashi 6 ko 7 cikin ɗari a shekara. Babbar ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a ƙasashe 18, wadda aka fitar da sakamakonta a 2016, ta ƙirga giwayen fili 352,271, ta kuma nuna sun ragu da kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014. Giwar kurmi lamarinta ya fi muni. Andrea Turkalo ta shafe fiye da shekara 20 tana kallon giwaye a wani fili mai suna Dzanga a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta gano cewa macen kurmi ba ta haihuwar fari sai wajen shekara 23, tazararta kuma shekara 5 zuwa 6.

Farauta har tsarin gado tana taɓawa. A gandun Gorongosa na Mozambik, yaƙin basasar 1977 zuwa 1992 ya cinye kusan kashi 90 cikin ɗari na giwaye, domin da haure ake sayen makamai. Kafin yaƙin, matan da aka haifa ba haure ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Bayan yaƙin sun zama rabi, saboda su ne maharba ba su damu da su ba. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa rashin hauren ta wajen uwa ake gadonsa, kuma ƙwayar gadon da ke jawo shi tana kashe ɗan tayi idan namiji ne. Uwa marar haure, kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta mata ne. Ta tsira daga harsashi, amma ana biyan kuɗin tsirar da 'ya'ya maza tun a mahaifa.

A nan kusa da mu ma an ga abin. Gandun Zakuma da ke kudu maso gabashin Chadi yana da giwaye sama da 4,000 a farkon shekarun 2000. Mahara a kan dawakai suka yi ta karkashe su har suka koma 'yan ɗari huɗu da wani abu zuwa 2010. Waɗanda suka rage suka dunƙule wuri guda suna gudu ba hutawa, haihuwa kuma ta kusan tsayawa cak. A 2010 gwamnatin Chadi ta miƙa kula da gandun ga ƙungiyar African Parks, aka tsaurara tsaro. Ko da harbi ya lafa, ba a ga 'ya'ya nan take ba. Sai da hankali ya kwanta, sannan aka ƙirga wata 22. A 2011 ɗan giwa ɗaya tak aka gani wanda bai kai shekara biyar ba. A 2018 an ƙirga ƙanana 127.

Najeriya gaba ɗaya ana ƙiyasta giwayen da suka rage mata ba su wuce 300 zuwa 400 ba, kuma garken Yankari a jihar Bauchi yana cikin mafi girma a cikinsu. Manomin da ke gefen gandun, wanda giwaye suka shiga gonarsa a dare ɗaya suka tattake masara, yana da hujjar yin fushi, kuma duk wani shirin kare giwa da bai sa asararsa a lissafi ba, ba zai je ko'ina ba. Amma ƙaramin garke irin wannan, wanda ba shi da wani garke a kusa da za a yi musayar toraye da shi, matan da ke haihuwa a cikinsa 'yan ƙalilan ne, manyan torayen kuma ana iya ƙirga su da yatsu. Kowace daga cikin matan ɗa ɗaya za ta bayar a shekara huɗu ko biyar, rabin 'ya'yan maza ne, kuma ba duka za su kai yaye ba.

'Yan matan da aka haifa a Zakuma a 2018, idan komai ya tafi daidai, sai wajen 2032 za su haifi 'ya'yansu na fari. Mazan da aka haifa tare da su za su fara maye wajen 2045, ganiyar haihuwarsu kuma sai bayan 2060.